Kamfani a Birnin Kebbi, shago a Sakkwato, sito a Gusau: wace jiha za ka biya haraji?

Aikina riƙe wa ƙananan kamfanoni littattafan kuɗi a Birnin Kebbi, yawancinsu masu harkar shinkafa, albasa, taki da kayan gini. Duk wanda harkarsa ta ɗan buɗe a cikinsu sai ya ƙetare iyaka. Ya buɗe shago a Sakkwato, ya kama sito a Gusau, ko ya ajiye yaro a Kontagora saboda motocin da ke gangarawa Kudu ta Yawuri. Mu nan ba ma jin mun bar gida idan mun je Sakkwato, tunda har 1991 jiha ɗaya muke, Zamfara ma sai 1996 aka yanke ta. Amma masu haraji ba su san wannan zumunci ba. Hukumomi uku ne, asusu uku, kowace kuma tana neman nata.

Ranar da takardar neman kuɗi ta iso daga wata jiha, maganar da nake ji ba ta canzawa: "Malam, ba mun biya Abuja ba? Mi kuma sunka biɗa?" Amsar ita ce abin da aka biya Abuja daban, abin da jiha ke nema daban. Harajin ribar kamfani na Gwamnatin Tarayya ne, duk inda kamfanin ya yi ciniki. Harajin mutum kuwa, ma'aikaci ne ko darakta ko mai gidan haya, na jihar da mutumin yake zaune ne, ba jihar da hedikwatar kamfani take ba. Wanda ya riƙe wannan ya gama rabin aikin.

Fara da ɗauko takardar rajistarka ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka duba lambar da ke jiki. Idan da BN ta fara, sunan kasuwanci ka yi wa rajista, ba kamfani ba, kuma a idon doka kai da kasuwancin abu ɗaya ne. Ribarka duka, ta shagon Sakkwato da ta Gusau, hukumar harajin jihar da kake zaune ce za ta yi maka lissafinta. Idan kuwa RC ce, kamfani ne mai zaman kansa, kuma wannan bayani naka ne. Mutane da yawa suna kiran abinsu kamfani alhali BN ce a hannunsu, suna ta zirga-zirga a ofishin da ba nasu ba.

Ɓangaren Tarayya ba zan daɗe a kansa ba, don ba a nan rikicin iyaka yake ba. A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, suka fara aiki 1 ga Janairu 2026, hukumar harajin Tarayya, FIRS da muka sani, ta koma NRS. Fayil ɗaya kamfani yake da shi a can, ko rassansa goma ne. Tun Dokar Kuɗi ta 2019 kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce naira miliyan 25 ba ba ya biyan harajin riba, sabuwar doka kuma ta ɗaga wannan iyaka, da sharaɗin kadarorin kamfanin ba su haura miliyan 250 ba, kuma ba kamfanin ƙwararru ba ne irin na lauyoyi ko akantoci. Sai dai rashin biya ba ya nufin rashin kai rahoto. Cikin wata shida bayan rufe shekarar lissafinka dole ka shigar da bayanan kuɗinka, ko da sifili za a rubuta a gurbin haraji. Wanda ya yi shiru, tarar wata na farko naira 100,000 ce, kowane wata bayan nan 50,000. Harajin VAT da ake ɗorawa kan farashin kaya da ayyuka, kashi 7.5 tun Fabrairu 2020, shi ma NRS ke karɓa, ana kai rahotonsa kafin 21 ga watan da ke biye. Shinkafa da sauran kayan abinci na yau da kullum ba a ɗora musu. Abin da ya shafe ka a matsayin mai rassa shi ne ka riƙa raba cinikin kowane shago a littafinsa, domin yanzu kashi 30 na rabon da jihohi ke samu daga VAT ana duba inda aka yi amfani da kayan ne.

Yanzu ga inda ake zufa: harajin albashi, PAYE.

Ɗauki takarda ka rubuta sunan kowane ma'aikaci, har mai gadi da direba, ka sa gurbi uku a gaban kowa: inda yake aiki, inda yake kwana, da lambar NIN ɗinsa. Gurbin tsakiya shi ne mai hukunci. Doka tana duba inda mutum yake zaune a ranar 1 ga Janairu ta wannan shekarar. Wanda aka ɗauka a tsakiyar shekara, ana duba inda yake zaune ranar da ya kama aiki. Otal ko masaukin baƙi ba ya zama mazauni.

Ga yadda abin yake a zahiri. A ce kana da wurin sayen albasa a Aliero, magatakardanka kuma ɗan Tambuwal ne, kullum da safe ya hau babur ya zo, da yamma ya koma gidansa. Aikinsa a Kebbi yake, albashinsa daga asusun Birnin Kebbi yake fita, amma Tambuwal ƙasar Sakkwato ce, don haka harajinsa na Sakkwato ne. Idan ka zuba shi a asusun Kebbi, ba ka biya ba. Ranar da masu bincike na Sakkwato suka zo, rasit ɗin Kebbi ba zai kare ka ba. Za su ce ka biya su nasu, ka je ka nemo naka a inda ka kai. Kuɗin da ya shiga asusun gwamnati kuwa, fito da shi sai mai dogon numfashi. Haka abin yake ga ma'aikatan Yawuri da Zuru masu iyali a ƙasar Neja ko Zamfara.

Sai mai gida biyu, kuma a wajenmu wannan ba baƙon abu ba ne: uwargida tana Jega, amarya tana Gusau. Doka ta san da irinsa. Ga ma'aikaci, gidan da ya fi kusa da wurin aikinsa na kullum shi ne babban mazauninsa. Idan shi ne manajan sitonka na Gusau, Zamfara ce ke da harajinsa, ko da duk ƙarshen mako yana Jega. Direban tirela da rabin rayuwarsa a kan hanya take, ka duba inda gidansa yake, ba inda dare ya riske shi ba. Wanda ka mayar daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato a watan Afrilu, ka ci gaba da biya wa Kebbi har Disamba, sai Janairu ka sauya, amma ka rubuta wa hukumomin biyu wasiƙa tun lokacin da ya tashi, ka karɓi kwafi mai hatimi. Wasiƙar nan mai layi huɗu ta sha kashe gardamar da za ta ci mako guda.

Da ka gama jerin, za ka ga jihohi nawa ne suka fito. Kowace a cikinsu sai ka je hukumar harajinta ka yi rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata, ko da mutum ɗaya ne kake da shi a can. Ka tafi da kwafin takardar CAC, lambar harajin kamfani, jerin ma'aikatan da ke zaune a jihar da albashinsu, da adireshin reshen. Kada ka ba su jerin ma'aikatanka duka ba tare da gurbin mazauni ba. Jami'in da ya ga sunaye ashirin babu bayani, a kan ashirin zai yi maka lissafi, kuma ban ga laifinsa ba.

Lissafin kansa ya sauƙaƙa a sabuwar doka. Naira 800,000 na farko a shekara babu haraji. Miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi ba a cire masa komai. An soke tsohon rangwamen da ake yi wa kowa, aka kawo rangwamen haya: kashi 20 na kuɗin hayar da ma'aikaci ke biya a shekara, amma ba zai wuce naira 500,000 ba. Magatakardan nan na Tambuwal, a ce albashinsa 150,000 ne a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, yana biyan hayar gida 200,000. Rangwamensa 40,000, saura 1,760,000. A cire 800,000, saura 960,000. Kashi 15 na wannan shi ne 144,000 a shekara, 12,000 a wata. Idan kana cire masa fansho, shi ma ana sauke shi kafin a yi lissafi. Ka karɓi rasit ɗin hayarsa ka ajiye. Yawancin yaranmu a gidan gado suke zaune, ba su biyan haya, to babu rangwamen, kada a ƙirƙiro rasit don naira ɗari biyar a wata.

Abin da ka cire a wata, ya isa asusun jihar kafin 10 ga watan da ke biye, tare da jadawalin sunaye. Biya ba jadawali rabin biya ne, don kuɗin ba zai hau kan sunan kowa ba, ranar da ma'aikacin ya je neman takardar shaidar biyan haraji a ce ba a san shi ba. Sannan kafin 31 ga Janairu ka kai wa kowace jiha rahoton shekara na duk abin da ka biya ma'aikatanta da abin da ka cire. Ko duk yaranka na Gusau albashinsu bai kai a cire komai ba, ka kai rahoton. Shi ne hujjarka cewa babu abin cirewa. Reshen da ba ya kai rahoto, ƙiyasi ake yi masa, kuma ban taɓa ganin ƙiyasin da ya zo da sauƙi ba.

Wani abu da masu kamfani ke ganin dabara ce: biyan ma'aikatan reshe daga cinikin ranar, hannu da hannu, babu rubutu. Ba dabara ba ce. Kuɗin bai shiga littafi a matsayin albashi ba, don haka ba za a sauke shi daga riba ba, ga shi kuma mai bincike yana shiga shagon zai ƙirga kawuna.

Na biyu a nauyi shi ne harajin da ake cirewa tun daga tushe, lokacin da kamfani ke biyan wani kuɗin haya, kwangila ko aikin ƙwararru. Ƙa'idar ɗaya ce da ta albashi. Idan wanda kake biya kamfani ne, abin da ka cire NRS za ka kai wa, kafin 21 ga wata mai zuwa. Idan mutum ne ko mai sunan kasuwanci, jihar da yake zaune za ka kai wa, kafin 30 ga wata. Ka lura, ba jihar da ginin yake ba. Sitonka yana Gusau, haya miliyan 2.4 a shekara, mai sito kuma tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya ya zauna a Kaduna. Kashi 10, wato 240,000, na Kaduna ne. Ka ba shi 2,160,000 da rasit ɗin harajin da sunansa, don nasa ne, za a rage masa daga harajinsa na shekara.

A nan ake samun tirjiya. Mai gida zai ce: "Ni dai kuɗina cikakku nika so, ku kun san yadda za ku yi da gwamnati." Kada ka bari sai ranar biya ka tayar da maganar. Tun wajen ciniki ka ce masa, Alhaji, wannan farashi da haraji a ciki ne ko babu? A rubuta amsar a yarjejeniya. Idan ya kafe sai miliyan 2.4 sun shiga hannunsa, to ka sani ainihin hayarka ta zama 2,666,667, harajin 266,667, daga aljihunka. Wanda ya ƙi cirewa gaba ɗaya, sabuwar doka ta sa masa tarar kashi 40 na abin da bai cire ba.

Akwai sassauci ga ƙananan kamfanoni a ƙa'idojin 2024 da suka fara aiki 1 ga Janairu 2025: idan abin da za ka biya mutum a wata bai wuce naira miliyan 2 ba, kuma yana da lambar haraji, ba sai ka cire komai ba. Idan ba shi da lambar, a harkar kaya da ayyuka ninka kason da ake cirewa ake yi. Shi ya sa nake ce wa masu kamfani, kafin ka tambayi mai kawo maka kaya lambar asusunsa na banki, tambaye shi lambar haraji. Sayayyar kanti ta nan take, ka biya ka ɗauka, ba ta cikin wannan.

Sai mai kamfanin da kansa, wanda ya fi kowa mantawa da kansa. Alhaji yana zaro kuɗin cefane, na makarantar yara da na Umara daga asusun kamfani, a ƙarshen shekara a ce ba shi da albashi. Jihar da yake zaune ba za ta yarda ba. Ka yanka wa kanka albashi a rubuce, a cire masa haraji kamar na kowa. Idan rabon riba aka yi, a cire kashi 10 a kai wa jihar da kowane mai hannun jari yake zaune: ƙanenka da ke Kano, nasa Kano za shi. Rahotonka na kanka kuma kafin 31 ga Maris. Amfanin wannan yana fitowa ranar da za ka nemi kwangila ko takardar mallakar fili. Takardar shaidar biyan haraji ta kamfani daga NRS take fitowa, ta darakta daga jiharsa, kowace tana nuna shekaru uku na baya, kuma ba a haɗa shekaru uku a dare ɗaya sai da tsada.

Ragowar kuɗaɗen su ne masu bin wuri, ba mutum ba. Rajistar wurin kasuwanci da sabunta ta duk shekara, jihar da shagon yake ake biya, kowane reshe da nasa. Kuɗin shago, na allon talla, na tasha da na kasuwar da ƙaramar hukuma ta gina, na ƙaramar hukuma ne. Kuɗin ƙasa na filin da gwamna ya ba da takardarsa na jiha ne. Lambar mota da takardunta, jihar da aka yi musu rajista. Harajin hatimi a kan yarjejeniya, idan kamfani na cikin masu sa hannu na Tarayya ne, jiha tana karɓa ne idan tsakanin mutum da mutum aka yi. Farashin waɗannan ya bambanta daga jiha zuwa jiha, don haka kada ka yi aiki da abin da aka gaya maka a baki. Jihohi sun tattara kuɗaɗen da suke karɓa a kundin doka guda. Ka nemi na kowace jihar da kake da reshe, ka buga shafin farashin, ka ajiye a aljihun teburin manaja.

Hanya ita ce ciwon kan masu shinkafa da albasa. Mota ta taso daga Suru ko Argungu da shanshera, kafin ta kai inda za ta an tsayar da ita wurare da yawa, kowa da igiyarsa da ɗan littafin rasit. Dokar jerin haraji ta 1998 ta faɗa ƙarara cewa babu wanda aka yarda ya kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji, ko da hukumar haraji ce. Na san doka daban, ƙarfe biyun dare a bakin shinge daban, kuma ba zan ce wa direba ya tsaya gardama da mai gora alhali albasa na zufa a bayan mota ba. Abin da ke hannunka shi ne ka biya kuɗin amfanin gona a inda aka yi lodi, a asusun gwamnati, ka ba direba kwafin rasit da takardar kaya a leda, asalin ya zauna a ofis. Abin da aka karɓa a hanya ya rubuta wuri da adadi. Idan ya taru, ƙungiyarku ta 'yan kasuwa ta kai ƙorafi da shi a rubuce. Ƙorafin mutum ɗaya ba ya nisa, na ƙungiya mai ɗauke da alƙaluma ana sauraronsa.

Duk biyan da za ka yi wa jiha, ta banki ko shafin hukumar a intanet, da sunan kamfani, ka karɓi rasit na hukuma. Takardar banki kaɗai ba rasit ba ce. Wani mai kayan gini da nake yi wa aiki ya shekara yana ba wani mutum kuɗin harajin reshensa a hannu, mutumin na kawo masa takardu masu tambari. Ranar da aka zo aka manna takardar rufewa a ƙofar shagon, aka duba kwamfuta, ko sisi bai shiga ba. Ya sake biya, da tara a kai, shagon kuma ya kwana biyu a rufe ana tsakiyar kakar gini.

Ka buɗe fayil ɗaya ga kowace jiha: takardar rajista, jadawalin kowane wata da rasit ɗinsa a manne, rahoton Janairu, wasiƙu. Ka ajiye su aƙalla shekara shida, don har nan bincike ke iya komawa. Ka ɗauki hoton kowane rasit da waya ranar da aka karɓo shi, domin irin takardar nan ta na'ura kafin zafin Afrilu ya wuce rubutunta ya goge.

Idan takardar ƙiyasi ta zo kuma ba ka yarda da ita ba, kwana 30 kake da su ka ƙalubalance ta a rubuce. Zuwa ofis a gaisa, a ce "za mu duba, ranka ya daɗe", ba ƙalubale ba ne, kwanakin suna tafiya, idan suka cika adadin ya tabbata a kanka. Rubuta wasiƙa, ka faɗi abin da ka yarda da shi da abin da ba ka yarda ba da dalili, ka haɗa jerin ma'aikata da mazauninsu, ka biya ɓangaren da babu gardama a kansa, ka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Idan jihohi biyu ne ke jayayya a kan mutum ɗaya, ka haɗa su a wasiƙa guda, ka nuna wadda ka biya da hujjar mazauni. Hukumar haɗin gwiwa ta masu tara haraji, wadda a da ake kira JTB, yanzu JRB, aikinta ne sasanta irin wannan tsakanin hukumomi, sabuwar doka kuma ta kafa ofishin karɓar koken masu biyan haraji. Idan hukumar ta ƙi sauya ƙiyasin, kana da wasu kwana 30 ka ɗaukaka ƙara zuwa kotun ɗaukaka ƙarar haraji, wadda reshenta na Arewa maso Yamma ke zama a Kaduna. Kafin ka kama hanyar Kaduna, ka sa kuɗin lauya da na mota a gefe ɗaya, adadin da ake jayayya a kai a ɗaya gefen, ka ga wanne ya fi nauyi.